Maficin Gwaggo

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Dutse ya san zafin garin nan iri biyu ne. Akwai na rana, wanda kowa a ƙasar Hausa ya san shi, sannan akwai na dare, lokacin da duwatsun da suka kewaye gari za su shiga amayo da zafin da suka wuni suna haɗiya. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan kai digiri 40 da tsakar rana, da dare kuwa mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya yi ta juyi kamar waina a tanda. In aka yi rashin sa'a babu wutar lantarki, to babu babba babu yaro, babu darakta babu masinja, kowa hannunsa abu guda yake laluba, wato mafici.

Shi kuwa mafici hawa-hawa ne. Akwai na kaba zalla, mai kusurwa huɗu kamar tuta, wanda ake hura gawayi da shi, mai tsire kuma ya kori ƙuda. Wannan in gefensa ya ƙone sai a yar a sayi wani. Can sama akwai figini na gashin jimina, wanda ake yi wa sarakuna fifita da shi ranar hawan salla, shi kam talaka sai dai kallo daga nesa. To a tsakanin waɗannan biyu akwai na uku, maficin ado, zagayayye, wanda ake ɗinkawa kamar faifai, a lulluɓe shi da zare mai launi, a sa wa amarya cikin kayan ɗaki. A kan wannan na uku nake son in yi magana, domin a duk danginmu mace ɗaya ce ta rage wadda ta san ƙirgarsa, ita ma ɗin idonta ya kusa ƙarewa.

Yayar mahaifina ce. Gwaggo muke ce mata, kuma haka duk ƙauyen ke kiranta, ƙauyen da ke gefen hanyar Dutse zuwa Kiyawa. A wurin mahaifiyarta ta koyi ɗinkin faifai da mafici tun kafin a yi mata aure. Ba ta yi boko ba, karatun allo ta yi, saboda haka duk zanen da ta iya a ka yake, babu ko ɗaya a takarda. In ka tambaye ta yadda ake yi ba ta iya yi maka bayani, sai dai ta ce ka zauna ka gani.

Ran 27 ga watan Agusta 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano ta mai da Dutse babban birni, ina 'yar shekara goma. Nan da nan ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano, gari ya cika ya batse, gidan haya ya zama sai mai rabo. Da matansu suka biyo su, sai suka gano maficin Gwaggo. Wannan ta saya ta kai wa 'yar'uwarta tsaraba, waccan ta ba da aikin guda huɗu na auren ƙanwarta. Shekarun nan su ne kakar Gwaggo. Da kuɗin mafici ta sayi awaki, ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta kuma haɗa wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki ba tare da ta roƙi kowa ba. Ni ce 'yar aikenta in na je hutu, kuma har yau ina tuna yadda take naɗe kowane mafici a tsohon zane kamar jariri kafin ta miƙo mini.

Daga baya kasuwa ta juya. Maficin roba ya shigo, sai mai naɗewa daga ƙasar Sin, sai kuma fanka mai caji wadda ake ɗauka a hannu. Yanzu a wurin biki ma har mafici ake rabawa mai hoton ango da amarya, wanda inji ke bugo ɗaruruwa a wuni ɗaya. Ni dai ban ga laifin kowa ba. Mai jego da jaririnta cikin zafin Afrilu, fanka mai caji ta fi mata duk wani ado. Amma a hankali masu zuwa wurin Gwaggo suka ragu, 'yan matan da kan zauna gefenta suna kallo suka watse, har ta koma sai in jika ko 'yar dangi za ta yi aure take ɗaukar basilla.

A ƙarshen daminar 2023 muka kai ta asibiti saboda ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta shekara hamsin tana sharewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya gaya mana gaskiya, cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage. Tana gane haske da duhu, tana gane mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, amma ja da kore duk sun zama ɗaya a wurinta.

Ana cikin haka aka sa wa 'yar farina rana, bayan Babbar Sallar 2024. Da na je sanar da Gwaggo, sai na ɗan yi jim, sannan na ce, “Gwaggo, duk 'yan matan gidanmu da maficinki aka kai su ɗaki.”

Ta yi dariya ta ce, “Kishiyar tawa ce za ta tafi? Ai kuwa ta zo a makare.” Ta yi shiru tana murza yatsunta, can ta ce, “'Yar nan, hannun yana nan, ƙirgar ma tana nan. Idon ne ya riga ni yin gaba. In za ki aro mini naki, sai mu gwada.”

Haka muka yi. Daga bayan Ƙaramar Salla, cikin watan Afrilu, kowace Asabar sai in ɗauki yarinyar mu hau mota mu tafi, mu zauna a inuwar darbejiyar gidan tun hantsi har la'asar. Na tafi da littafin lissafi mai gida-gida da fensir, domin na ƙudurta cewa duk abin da ya fito daga bakin Gwaggo sai ya shiga takarda.

Bari in ɗan bayyana aikin, don wanda bai taɓa gani ba. Kaba ita ce ganyen goruba tun tana ƙarama. Ana yanko ta, a shanya a inuwa, a tsaga sili-sili. Kafin a fara aiki sai a yayyafa mata ruwa a naɗe a tsumma, domin busasshiyar kaba karyewa take yi, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai a haɗa sili biyar ko shida su yi kaurin fensir, wannan shi ne ƙashin mafici, ba a ganinsa in an gama. A zamanin mahaifiyar Gwaggo da rinanniyar kaba ake lulluɓe shi, a rina ja da karan dafi, sauran launuka da garura. Da ulu ya wadata a kasuwa sai aka koma kansa. Ana farawa daga cibiya, a lanƙwasa kan kabar ya zama ɗan zobe, sannan a riƙa zagayawa kamar dodon koɗi. A naɗa ulu sau uku a jikin kabar, a na huɗu a soka basilla cikin zagayen da ke ƙasa a ja, ya kama. Wannan naɗi uku da suka ɗaya shi Gwaggo ke kira gida. Da gida ake ƙirga komai.

Zanen da ta zaɓa wa kishiyarta shi ne wanda take kira ganyen dabino, ta ce 'yar Dutse ce, ta tafi da dabinon garinsu. Ganye shida ne kore, suna tasowa daga cibiya a kan fari, sannan a kewaye baki da ja. Muka sa farin ulu a ƙwarya, kore a kwano, ja a kan faifai, yadda hannunta zai gane ko wanne ba sai an gaya mata ba. Ita ke faɗin ƙirga. A zagaye na biyar ta ce fari biyu, kore ɗaya, fari biyu, a maimaita sau shida. A na tara ta ce fari uku, kore uku, fari uku. Aikina shi ne in duba ko koren ya hau daidai kan ɗan'uwansa na ƙasa, in kuma rubuta. In hannunta ya gaji in karɓa, in nawa ya gaji amarya ta karɓa. Ran nan yarinyar ta yi rabin zagaye ta miƙa mata, Gwaggo ta bi da babban yatsa a hankali, ta tsaya a wani wuri ta ce, “Kishiya, a nan tunanin ango kike yi.” Zaren ya ɗan saki a gida uku, mu masu ido ba mu gani ba. Aka warware aka sake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙa'idar ƙari. Zagayen farko gida shida ne. Kowane sabon zagaye sai a ƙara shida. Amma duk zagaye na huɗu, wato na 4 da na 8 da na 12 har zuwa sama, sai Gwaggo ta ce a ƙara bakwai, shida na ƙa'ida, ɗaya na sadaka. Shi wannan na sadaka ana ɓoye shi ne ta ɓangaren da mariƙi zai rufe, don kada ya ɓata zane. Na tambaye ta dalili, ta ce haka Inna ta koya mata, in an hana sadakar mafici ya yi zurfi ya zama ƙwarya, in kuma an yi almubazzaranci bakinsa ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen kabewa.

Da yake takarda mai gida-gida ba ta ɗaukar abu zagayayye, sai na kai wa malamin lissafi na makarantarmu don ya zana mini da'ira ashirin, wata cikin wata, a kan kwali. Da na gaya masa ƙa'idar, sai ya ajiye alli ya ce, “Malama, wa ya koya wa tsohuwar nan wannan?” Ya nuna mini a allo. Tunda faɗin gida ɗaya daidai yake da kaurin kabar, to kowane zagaye zai fi na ƙasansa da biyu sau 22 bisa 7, wato gida shida da ɗan ɗoriya. Wannan 'yar ɗoriya in ta taru sau huɗu sai ta ba da gida ɗaya. Lissafin kewayen da'ira ke nan, wanda muke fama da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare su haddace. Da na kai wa Gwaggo labari, cewa ta yi, “Ki gaishe shi, ki ce sannunsa da ƙoƙari.” Maficinmu zagaye 20 ne, na ƙarshe gida 125, duka-duka gida 1,305, faɗinsa ɗani ɗaya da 'yan kai.

Wannan kwali ne ya jawo wata magana a ofishin malamai. Malamar da ke koyar da tattalin gida ta gan shi, sai ta ce ya tuna mata da wani abu, ta buɗe wayarta ta nuna mini wata dattijuwar Baturiya tana saƙa leshin mafici da hannu. Jama'a, gani ya kori ji. Matashi ne mai tauri a gabanta, an ɗora masa kwali wanda aka huhhuda bisa zane. Ga zaruruwa farare sirara kamar yanar gizo, kowanne an naɗe shi a ɗan itace irin kwarkwaron masaƙa, sun fi hamsin, suna reto a jikin matashin. Babu allura, babu kwarashi. Motsi biyu ne kurum, ta gitta wannan kan wancan, ta murɗa, kullum da guda huɗu take aiki, in ta kai wurin huda ta kafa fil ya riƙe, ta ci gaba. A haka raga mai furanni ke fitowa, a lanƙwashe kamar bakan gizo. In an gama sai a zare fil ɗin, a ɗora saƙar a kan 'yan sanduna sirara na itace ko ƙashi, ta zama mafici mai buɗewa da rufewa.

Na bi diddigin abin. Wannan saƙa ta bayyana ne a ƙarni na 16 a Italiya da yankin da yau yake cikin Beljiyam, kuma tun a 1557 aka buga littafin zane-zanenta a birnin Venice. Ta zama sana'ar dubban matan talakawa, su saƙa a ƙauye, sarakuna da attajirai su sa a birni. Ko Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da leshin hannu na garin Honiton aka ƙawata rigar aurenta a 1840. Amma tun kafin nan inji ya riga ya kunno kai. A 1809 wani mai suna John Heathcoat ya yi rajistar injin da ke saƙa raga irin ta hannu, a 1813 John Levers ya inganta shi a Nottingham. A 1816 ma'aikatan da suka fusata suka fasa masana'antar Heathcoat a Loughborough suka farfasa injunan, amma hakan bai tsai da komai ba, ya dai kwashe ya koma wani gari ya ci gaba. Kafin ƙarnin ya ƙare, inji ya cinye kasuwar masu saƙar hannu. Shi kansa leshin da muke rububi a Kantin Kwari ranar haɗa lefe, jikan wannan labari ne. Sunan kawai ya gada, ɗinkin inji ne, kuma tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ke yi wa 'yan Nijeriya irinsa.

Ranar Asabar na kwashe duk wannan na gaya wa Gwaggo. Ta saurara har na gama, sannan ta yi tambaya biyu. Kwana nawa matar ke yi kafin ta gama guda? Na ce watanni. Nawa ake biyan masu yi a da can? Na ce abin da na karanta, da ƙyar suke ci da shi, ga dogon zama tun suna yara, ga wahalar ido. Ta girgiza kai ta ce, “Allah Sarki. Ashe can ma ba a biyan mace kuɗin idonta.”

Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Injin da ya kashe musu kasuwa bai iya kashe saƙar ba. Har yau ana koyar da ita a birnin Bruges na Beljiyam. A garin Idrija na ƙasar Sulobeniya akwai makarantar saƙar leshi da aka buɗe tun 1876, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar ƙasar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ba hannunsu ne ya fi na Gwaggo ba. Abin da suka fi mu da shi, shi ne wannan hudadden kwali. Mai saƙa ta mutu, kwalinta na nan. Bayan shekara ɗari wata ta tsince shi a akwati, ta kafa fil inda aka huda, zane ya dawo da rai. Mu kuwa namu kwalin shi ne kan tsohuwa. Ranar da aka ɗauke ta zuwa makwanci, da shi ake tafiya.

Ganin wancan leshi ya sa na yi sha'awar yi wa namu maficin baki na raga. Na iya kwarashi tun ina makarantar 'yan mata, saboda haka na sayo farin zare siriri na ce zan saƙa masa geza mai faɗin yatsa huɗu. Gwaggo ta ce a'a. Ta ce raga ba ta kawo iska, huda ce, iska ta cikinta take wucewa. Ta tambaye ni ko maficin Baturiyar nan yana kore zafi, na ce gaskiya na ado ne, wasu ma a bango ake rataye su cikin gilashi. Ta ce, “To ƙasarsu da sanyi. Ita kishiyata Dutse za ta zauna. Ranar da aka ɗauke wuta, ga miji ga zufa, ado za ta yi masa ko fifita?” Muka yi ta ja-in-ja irin ta 'ya da uwa, daga ƙarshe muka daidaita a kan yatsa biyu. Na saƙa shi zagaye uku, ƙananan ƙofofi sannan 'yan tudu-tudu a baki, na ɗinke shi a jikin jan zagayen ƙarshe. Mariƙi kuma na gora ne, aka tsaga kansa aka cusa maficin, wani baduku a kasuwar Dutse ya lulluɓe shi da jar fata.

Da aka kawo, Gwaggo ta sa aka ɗebo mata garwashi guda a murfin kwano, wanda ya fara yin toka. Ta karɓi maficin ta kaɗa sau uku, ta ce, “Ya yi ja?” Muka ce ya yi. Ta ce, “To ya zama mafici.” Wannan ita ce jarrabawar da mahaifiyarta ke yi wa kowane guda kafin ya bar gidan. Asabar takwas muka yi a kansa, aikin da a da take gamawa cikin kwana shida, a tsakanin daka da girki.

Kada mu ruɗi kanmu, mai karatu. Na nuna wa wata dillaliya maficin na ce in na sayarwa ne nawa za ta saya. Ta juya shi, ta yaba, sannan ta faɗi kuɗin da bai wuce na kwano biyu na shinkafa ba, alhali kuɗin ulu da fata ma sun ci rabin haka. Ba zan iya tsayawa gaban ɗalibaina in ce musu ga sana'ar da za ta riƙe su ba, kamar yadda ta riƙe Gwaggo a shekarun 1990. Wancan zamani ya wuce, kuma ba kuka ne zai dawo da shi ba. Amma kasuwa daban, sani daban. Kasuwa inji ne ya ƙwace ta, ba yadda muka iya. Sani kuwa ba wanda ya ƙwace mana, a gabanmu yake tsiyayewa kamar ruwa a tsagaggiyar randa, kuma abin da ake bukata don tare shi bai wuce kwali da fensir da zaman Asabar ba.

Ko da aka gama maficin ban daina zuwa ba. Gwaggo ta lissafa mini zane goma sha huɗu da ta iya, da sunayen da take kiransu, irin su ƙafar kaza, gidan zuma, zanen zabo da dagi. Tara ta faɗa mini ƙirgarsu tun daga cibiya har baki, ba gargada. Biyu kuma na samo su ne daga tsofaffin mafitai da na bi ɗakunan 'yan'uwa na tono a ƙarƙashin gado, na zauna da tsinke na ƙirga gida-gida, na karanta mata ta ce haka ne. Sauran uku sun ƙi. Akwai wanda take kira tafiyar hawainiya, wanda launi ke sauyawa a hankali daga kore zuwa ɗorawa. Takan kawo ƙirgarsa har zagaye na bakwai, sai ta tsaya. Ta ce daga nan ba da ka take yi ba, in ta ga inda zaren ya kwana, hannunta ya san inda zai tashe shi. Na ce ta faɗa mini abin da zan duba, ta yi ƙoƙari har gumi ya keto mata, sannan ta ce, “Bar shi, 'yar nan. Wannan ya tafi tare da idon.” Ban taɓa jin muryarta ta yi rauni irin na ranar ba, ko ranar da likita ya yi mana bayani.

An yi biki lafiya. Ranar kai amarya, da aka lulluɓe yarinyar tana kuka, maficin ne a hannunta tana kare fuska da shi. Mata suka yi ta karɓa suna juyawa, 'yan mata na tambaya ko daga Dubai aka kawo. Wata tsohuwa daga dangin ango, mutuniyar Jahun, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da ganin irin wannan tun aurenta. Gwaggo na zaune a gefe, ba ta ganin komai, amma duk maganar da aka yi ta shiga kunnenta, har ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Yanzu kowace Alhamis bayan an tashi, 'yan mata kan tsaya a ajina, wani makon bakwai, wani makon goma. Kowace da kwalinta da ta kwafa daga nawa. Malamin lissafi ya ce waɗanda ke zuwa sun daina tsoron 22 bisa 7. Biyu daga cikinsu sun gama ganyen dabino ba tare da sun taɓa ganin Gwaggo ba, na kai mata ta shafa, ta ce ɗaya hannunta ya yi tsauri, ɗayar kuwa a kawo mata ita ta gani, wato ta ji muryarta.

Saura kwali uku a cikin jakata, an zana musu da'ira ashirin-ashirin, an rubuta suna a sama: tafiyar hawainiya, kan tambari, da ruwan ƙanƙara. Na farkon an cike shi zuwa zagaye na bakwai, sauran biyun fari fat. Gwaggo ta yi shekaru fiye da hamsin tana ɗinki, kuma mafitanta sun shiga gidaje da yawa a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, wasu ma sun tafi Kano. Ba mamaki ɗayansu na nan a ƙasan adakar mahaifiyar wani daga cikin masu karanta wannan mujalla, asu ya ci gefensa, launinsa ya koɗe. Roƙona shi ne kada a yar da shi. Ko rabinsa ne ya rage, ana iya ƙirgawa. Wanda kuma Allah Ya bar masa tsohuwa mai wata sana'ar hannu a gida, ko tabarma ce, ko saƙar zane, ko ɗinkin hula, ya nemi fensir ya je ya zauna tun tana gane ja da kore, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.